Ranar da Aka Ɓoye Gorar Hamdiyya

"Cire safar nan, Hamdiyya. Da rigar sanyin duka."

Hamdiyya ta ɗago ta dubi mahaifiyarta, sannan ta leƙa ta taga. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, iska mai danshi sai kaɗa labule take.

"Umma, garin fa da sanyi."

"Na sani. Yau ɗaya dai ki daure. Ina kika taɓa ganin budurwa ta fito gaban dangin miji da safa har gwiwa? So kike matar nan ta koma Ɗansoshiya ta ce majinyaciya ta tarar?"

Kar wani ya ɗauka Umma Luba muguwar uwa ce. Wallahi ba haka ba ne. Tsoro ne ya cika mata ciki, kuma duk wanda ya san gidan nan na garin Ƙofa ya san dalili. Hamdiyya da amosanin jini aka haife ta, ciwon nan da ake ce wa sikila. Shi ya ɗauke yayanta Abdulbasit yana saurayi, Umma na riƙe da kansa a cinyarta.

Tun tana ƙarama Hamdiyya ta san abokan zamanta. Akwai wata tsohuwar gorar roba ta man gyaɗa, ita ake cika wa ruwan zafi a naɗe ta da zani, ta rungume a duk inda ƙashi ya fara sara. Akwai man zafi, akwai filas na shayin citta da kanumfari, akwai wani matashi mai laushi da take cusawa ƙarƙashin gwiwa. Sai ƙwayoyin asibiti a leda, sai carbin Abdulbasit.

Duk Umma ta tattara su ta tura ƙarƙashin gado, ta ja zanin gado ta rufe har ƙasa.

"Har carbin, Umma?"

"Har shi. Budurwa da carbi a hannu ba lokacin salla ba, ai tallar ciwo ce."

Hamdiyya ta bi zanin gadon da kallo. Wannan carbin ba na ado ba ne. Da shi yayanta ya koya mata abin da babu likitan da ya koya mata.

"In ya taso kar ki yi kokawa da shi, ya fi ki ƙarfi," haka yake ce mata. "Rufe ido. Ki ja numfashi ki ce Ya Hayyu a zuci, ki sake shi a hankali ki ce Ya Ƙayyumu. Ki kai kanki bakin ruwan dam ɗin Tiga da hantsi, ki zauna kan dutsen da rana ta gasa. Ciwon yana nan, amma ke ba kya nan."

Ta iya abin har ta fi mai koyarwar. In ta nutsa, ko sunanta aka kira ba ta ji. 'Yan gidan sun saba, in suka gan ta haka sai su rage murya su bar ta. Shi ya sa duk unguwar babu wanda zai ce ya taɓa jin ihun Hamdiyya.

To, yau fa ranar ce. Uzairu, malamin Islamiyya kuma manomi a Ɗansoshiya, ya daɗe yana neman aurenta. Babu abin da ta ɓoye masa. Har gwajin jini sun yi, nasa ya fito lafiya lau, aka ce 'ya'yansu ba za su sha irin wahalarta ba. Amma mahaifiyarsa Inna Kaltume ta ce atafau ba da ita ba. Gidansu gidan noma ne, da damina mace ke girka wa ma'aikata tuwo a manyan tukwane, ita ba ta ga mai ɗaukar tukunya a nan ba. Ga kuma Muhsina, 'yar ƙaninta, tana nan jikinta ƙalau.

Uzairu ya yi roƙo har da hawaye kafin Inna ta yarda da abu guda. Za ta turo Gwaggo Laraba, yayar mahaifinsa, ta zo ta gani da idonta. Abin da Gwaggo ta faɗa, shi ke nan.

Kafin azahar ɗan acaɓa ya sauke ta. Doguwar tsohuwa ce mai kaifin ido, tana tafe tana ɗingisawa, hannu ɗaya dafe da gwiwa. Umma ta tarbe ta da fara'a har tana tuntuɓe, ta kai ta ɗakin Hamdiyya da aka share aka turara, ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma.

Hamdiyya ta shigo kanta a ƙasa, ta durƙusa can bakin ƙofa a kan siminti.

"Ina wuni, Gwaggo? An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, 'yata. Matso nan kan tabarma mana."

"Nan ma ya yi, Gwaggo."

Haka tarbiyya ta ce. Ina ita ina haɗa tabarma da gwaggon Uzairu? Sanyin simintin ya ratsa zaninta ya shiga gwiwa, ta yi kamar ba ta ji ba.

Gwaggo ta ƙare wa ɗakin kallo, daga kan gado har bayan ƙofa, sannan ta juyo.

"Luba, ni ba na kewaye-kewaye. An ce mana yarinyar nan ba ta da lafiya."

"Ai da can ne," Umma ta yi caraf ta amsa. "Ciwon yarinta ne, Allah ya yaye mata. Rabonta da ko ciwon kai har na manta."

Hamdiyya ta so ta ɗago ta ce wani abu, amma wa zai ƙaryata uwarsa a gaban baƙuwa? Ta ƙara sunkuyar da kai.

Sai ga ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ashe an manta da surfen dawa a shanye a tsakar gida. Kafin kowa ya motsa Hamdiyya ta zabura ta fita, ba takalmi, ba komai. Umma ta buɗe baki za ta ce dawo, ta dubi Gwaggo, ta mayar da bakin ta rufe.

Hamdiyya ta kwashe dawar tas, ta kife turmi, ta janyo itace zuwa rumfa. Da ta dawo mayafinta ɗiga yake. Ko canza kaya ba ta tsaya yi ba, don an kira salla, ta ɗebo wa Gwaggo ruwan alwala, ita ma ta yi tata da ruwan randa. Rabon da ruwan sanyi ya taɓa jikinta da damina ita kanta ba za ta iya tunawa ba.

Bayan salla Gwaggo ta gyara zama, fuskarta ta saki.

"Kai, mutane da sharri suke! Yarinya garau, ga kunya, ga zafin nama. Ni dai ban ga abin da ake faɗa ba. Luba, in Allah ya yarda mun zama ɗaya."

Umma ta yi ta godiya, idonta fal da hawayen murna, ta tashi ta nufi madafi don ta zubo abinci. Aka bar Hamdiyya da Gwaggo.

A nan ya zo. Ya fara daga ƙugu, ya gangara cinya, ya sauka cikin ƙashin ƙafa yana sara. Hamdiyya ta san shi, wannan ba ƙaramin ba ne. Gorarta na nan ƙarƙashin gado, in ta miƙa hannu za ta taɓa ta. Ta dubi zanin gadon, ta dubi Gwaggo da ke ba da labarin yadda Uzairu ya yi ƙiriniya yana yaro.

In ta yi nishi, ƙaryar Umma ta tonu. In ta yi kuka, Uzairu ya tafi. Abu ɗaya ya rage mata.

Ta rufe ido. Ya Hayyu. Ta saki numfashi. Ya Ƙayyumu. Yatsunta suka shiga jan carbin da babu shi. Muryar Gwaggo ta yi nisa, ƙarar ruwa a kwano ta yi nisa. Ga ruwan Tiga shimfiɗe, ga rana, ga dutsen da ɗuminsa yana ratsa ƙafarta. Ta zauna a kai ta ƙi tashi, don ta san abin da ke jiran ta in ta dawo.

Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Salatin Umma ne ya fizgo ta.

Da ta buɗe ido, Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa, takalmanta a hannu, tana karanta Ayatul Kursiyyu tana tofawa ta wajenta. Kwanon abinci ya kife a ƙasa, miya ta malale.

"A'uzu billahi! Luba, ashe abin da kuke ɓoyewa ke nan? Iskokai?"

"Wallahi Gwaggo ba haka ba ne, ciwon ne..."

"Wane ciwo? Ba yanzu kika ce ta warke ba? Na kira ta na kira ta, ko gezau. Ido a rufe, baki na motsi, jiki na rangaji, zufa na keto mata cikin wannan sanyin, yatsu na ƙirga abin da ba a gani. Na taɓa ta, hannu kamar na gawa. Da wa take magana?"

"Zikiri take yi!"

"Zikiri ba carbi? Ana yi mata magana?" Gwaggo ta buga gwiwarta da tafin hannu. "Ni za a gaya wa ciwo? Shekara da shekaru nake fama da gwiwar nan. Mai ciwo kuka yake, mai ciwo maganinsa na gefensa. Ni ko biki zan je da man zafina nake tafiya. Ɗakin nan na dube shi tas, ko ƙwaya ɗaya babu. Da ciwo ne ai da sauƙi, wa ya rasa nasa? Amma wannan, a kai kasuwa."

Hamdiyya ta buɗe baki. Ta so ta ce Gwaggo ɗaga zanin gadon nan ki gani. Abin da ya fito numfashi ne kawai, haƙoranta na haɗuwa.

Umma ta dubi gadon. Kunya ta daskarar da ita. Ta yaya za ta durƙusa gaban surukai ta janyo shaidar ƙaryarta da hannunta? Ɗan jinkirin nan da ta yi shi ya cinye komai. Kafin ta zube ta fara janyo gora da filas tana kiran "Gwaggo, tsaya ki gani," tsohuwar ta fice cikin ruwa tana ɗingishi, ko waiwaye babu.

Ranar a asibiti Hamdiyya ta ƙarasa ta. Aka yi mata ƙarin ruwa, aka yi ƙarin jini. Kafin a sallamo ta labari ya riga ta isa gida, ya kuma ƙara kitse a hanya. Wai ta yi magana da muryar namiji. Wai ta shaƙe tsohuwa. Mutanen da suka sha shayinta, suka san gorarta tun tana goye, su ne yanzu ke janye 'ya'yansu in sun zo wucewa ta ƙofar gidan. Kai, mutum!

Bayan la'asar wata rana aka yi sallama da Hamdiyya a ƙofar gida. Ta san ƙarar babur ɗin Uzairu tun daga nesa. Ta saka safarta, ta saka rigar sanyi, ta ɗauki carbi, ta dafa bango har zaure. Yau babu abin da za a ɓoye.

Uzairu na zaune a kan dakali, wata leda a gefensa. Ya rame, idonsa ja wur. Da ya gan ta ya miƙe, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi, Malam."

"Kullum da sauƙi. Ko kina mutuwa da sauƙi za ki ce."

Ta zauna a hankali. Akuya na kuka a bayan katanga.

"Me ya sa, Hamdiyya?" muryarsa ta karye. "Me ya sa aka ce kin warke? Ni na ce ki warke? Da safarki na gan ki, da gorarki na so ki. Na gaya musu komai, na ce mai ciwo ce amma ta san yadda take zama da ciwonta. Gwaggo ta zo ganin mai ciwo, kuka nuna mata wata daban."

"Kar ka ga laifin Umma. Ɗa guda ta binne. So take ta ga ɗaya a ɗakin miji kafin..." Ta kasa ƙarasawa.

"Na je wajen Gwaggo. Na zauna gabanta na rufe ido na nuna mata yadda kike yi. Kin san abin da ta ce? Wai ga shi nan har an fara shafa min." Ya yi wata dariya marar daɗi, hawaye na bin gemunsa. "Na ce su zo mu je wajen likita, suka ce likita ba ya ganin iska. Na ce a kawo malamin da suka yarda da shi ya yi miki ruƙiyya a gabansu, Inna ta ce ko malaman duniya za a tara, gidan da aka yi mata ƙarya sau ɗaya ba ta komawa."

"Inna ta yi gaskiya."

"Ba ki ji sauran ba." Ya sunkuyar da kai. "Jiya ta tara 'yan'uwana. Ta kama ƙirjinta ta ce in na sake taka Ƙofa da sunan neman aure, ba ta yafe min nonon da na sha ba. Ta ce da kaka za a kai kayan Muhsina."

Hamdiyya ta damƙe carbin.

"Amma ka zo."

"Na zo. Ki saurare ni. Akwai abokina a Tudun Wada, ya ce akwai makarantar da ke neman malami, har da ɗaki. Baffanki yana sona, in na same shi zai ɗaura. Inna uwa ce, in ta ga jika za ta huce. Ki ce to kawai, Hamdiyya. Don Allah ki ce to."

Wayyo, da ya san yadda kalmar nan ta zo har bakin leɓenta! Ta hango ɗakin, ta hango shi yana dafa mata ruwa da asuba kafin ya tafi masallaci, kamar yadda ya sha yi mata alkawari. Ta haɗiye kalmar.

"Malam, ni na san ciwo. Na san wanda ake gasawa ya lafa, na san wanda sai an kai asibiti. Nawa a jini yake, ruwan zafi na rage shi. Bakin uwa da me za ka gasa shi?"

"Ba ta nufin..."

"Ta nufa. Kuma duk ranar da gonarka ta ƙi, duk ranar da ɗanka ya yi zazzaɓi, za ka tuna maganarta, ka juyo ka dube ni. Ba za ka ce komai ba, na san halinka. Amma zan gani a idonka. Wallahi wannan kallon ya fi ƙarfina."

"To in yi yaya? In auri wadda ba na so, ina tunanin ko wa ke cika miki gora?"

"Umma na nan."

"In babu Umma fa?"

Hawayen da take riƙewa suka ɓalle, ta bar su suna zuba a kan rigar sanyin. Shi ma ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na girgiza. Malami guda, mai ɗalibai, yana kuka a zauren mutane da rana tsaka.

"Tashi ka tafi, Malam," ta ce daga ƙarshe. "Kar wani ya ga babur ɗinka ya kai wa Inna. Na yafe maka, kai ma ka yafe min."

Ya ɗauko ledar ya ajiye a gabanta.

"A Kano na saya, tun kafin Gwaggo ta zo. Cikin lefe na so in saka."

Ta buɗe. Jakar ruwan zafi ce ta roba, ja, irin ta asibiti, da rigarta ta ulu mai laushi. Sau ɗaya ta taɓa ce masa gorarta na yoyo ta wajen murfi. Ashe ya riƙe.

Da ta ɗago har ya kai ƙofa. Bai juyo ba. Ta ji ya buga babur ɗin ya ƙi tashi, ya sake bugawa, sannan ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace ta hanyar Kiru.

Umma ce ta zo ta ɗaga ta, ashe tana bayan ƙofa duk ta ji. Ta kwantar da ita, ta cusa matashin ƙarƙashin gwiwarta, ta juye ruwan zafi a sabuwar jakar ta ɗora mata a ƙugu, don ta ga yadda take cije leɓe, ta san ya sake tasowa. Ta gyara mata carbin a hannu.

"Rufe idonki, 'yata," ta ce da muryar da kuka ya dushe. "Rufe, babu kowa. Tafi wajen ruwanki."

Hamdiyya ta rufe. Ta ja numfashi. Ya Hayyu.

Ta nemi ruwan Tiga, babu. Ta nemi dutsen, babu. Gwaggo kawai take gani a bakin ƙofa tana tofi, da bayan Uzairu yana fita. Ɗumin da ke ƙugunta ma nasa ne. Ta sake ja, ta sake nema, wurin da ta ɓuya tun tana yarinya ya rufe mata ƙofa.

Numfashin da ta saki bai fito da zikiri ba. Ihu ne, irin wanda ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta, ya fasa ɗakin ya haye katanga. Umma ta rungume ta tana kiran sunan Allah.

A maƙwabta wata mata ta tsayar da daka, ta kasa kunne, ta dubi 'yar'uwarta.

"Kin ji ko? Iskokan sun tashi."